Tambaya da Amsa: Littafi ya ce akwai fayil, kwamfuta ta ce babu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da babbar kwamfutar da ɗalibai ke aiki a kanta a wata makaranta nan Maradi, Debian 12, wani nau'in Linux, ce a kai. Ɗalibi ɗaya sai ya kunna shirin da zai cinye RAM duka, sauran su tsaya cak. Wani littafin jagora na Faransanci ya ce in sa iyaka a fayil ɗin memory.limit_in_bytes, na neme shi ban gan shi ba. Ina kuma son rubuta wa yaran da nake koyarwa bayani da Hausa. Ta ina zan fara? Daga mai karatu a unguwar Ali Ɗan Sofo.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Littafin nan bayanin tsohuwar sigar cgroups yake yi, wato tsarin da Linux ke kasa ayyuka rukuni-rukuni don sa musu iyakar albarkatu irin su RAM. Wannan siga ta shiga Linux 2.6.24 a 2008. Siga ta biyu ta tabbata a Linux 4.5 a 2016, Debian kuma ta koma kanta tun Debian 11. A sabuwar, sunan fayil ɗin memory.max. Kuskuren da ake samu a irin waɗannan littattafai ke nan: ba sa faɗin sigar da suke magana a kai. Don haka layin farko na bayaninka ya zama umarnin `stat -fc %T /sys/fs/cgroup/`. In ya nuna cgroup2fs, siga ta biyu ce. In tmpfs, tsohuwa.

Ga matsalarka kuwa, bar systemd, shirin da ke tayar da ayyuka yana kula da su a Debian, ya yi aikin, tunda shi ke riƙe da rukunonin. In lambar asusun ɗalibin a kwamfutar (UID) 1001 ce, rubuta `systemctl set-property user-1001.slice MemoryHigh=1500M MemoryMax=2G TasksMax=300`. MemoryHigh na jan wa aikin burki, yana matsa masa ya saki RAM. MemoryMax kuma katanga ce: in aikin ya kai can kuma babu abin da za a iya ƙwatowa, sai a kashe wani aiki a cikin rukunin. TasksMax shi ne iyakar yawan ayyukan da ɗalibin zai iya tayarwa a lokaci guda. Ka bayyana wa yaran bambancin MemoryHigh da MemoryMax da kyau, don wanda ya sa MemoryMax kaɗai zai ga shirye-shirye suna mutuwa ba gargaɗi. Fayil ɗin memory.events, a layin oom_kill, yana ƙirga sau nawa aka yi kisan.

In za su gwada da hannu don su fahimci abin, su ƙirƙiri sabuwar folda a ƙarƙashin /sys/fs/cgroup (kowace folda rukuni ɗaya ce), su rubuta lambar aikin (PID) a fayil ɗin cgroup.procs da ke cikinta. Nan ne ya kamata bayaninka ya daɗe, domin nan ake tuntuɓe. Fayil ɗin memory.max ba zai bayyana a sabuwar folda ba sai an rubuta +memory a cgroup.subtree_control na foldar da ke samanta. In kuma foldar saman tana da aiki a cikinta, za a ƙi, a ce Device or resource busy, saboda a siga ta biyu rukunin da ke raba wa na ƙasa da shi albarkatu ba ya riƙe aiki da kansa, ban da rukunin tushe. Rubuta saƙon kuskuren yadda yake fitowa a allo, harafi da harafi, sannan fassara da dalili a ƙarƙashinsa, don da shi yaro zai nemi mafita. Ka kuma gaya musu `sudo echo` da alamar > ba ya aiki wajen rubutu a waɗannan fayiloli, `sudo tee` ake amfani da shi.

Abu ɗaya da ake yawan tsallakewa: RAM ɗin da aiki ya riga ya kama kafin a mayar da shi sabon rukuni, lissafinta yana nan kan tsohon rukunin. Shi ya sa ya fi kyau a tayar da aikin tun farko a ciki, misali da `systemd-run --scope -p MemoryMax=1G`. Kowane umarni ka gwada shi a kwamfutarka kafin ka rubuta shi, ka sa sigar Debian da ranar gwajin a saman shafin.