Filin Tambaya: Wane otofailot ne ya dace da ƙaramin jirgin da nake haɗawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa jirgin sama mai kujera biyu da kaina, RV-7 na kamfanin Van's, ina so in sa masa otofailot, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, amma bana son abin da zai ƙara masa nauyi. Wanne zan saya? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam malam. Gaskiya nauyin ba shi ne abin damuwa ba yanzu, fara duba allon da zaka sa gaban matuƙi tukuna don shi zai zaɓa maka. In Garmin G3X Touch ne, abin da ya rage kawai ka sayi sarbo ɗinsu GSA 28, wato ɗan injin lantarkin da ke jan sandar tuƙi, kowane ɗaya bai kai kilo 1 ba. Dynon SkyView ma haka tsarin yake, da sarbo SV32 ko SV42 mai ɗan ƙarin ƙarfi. Kar dai ka ce zaka haɗa allon wannan da sarbon wancan, ba sa jin yaren juna.

In kuma tsofaffin agogunan awo zaka yi amfani da su maimakon allo, akwai otofailot masu zaman kansu irin Trio Pro Pilot ko xCruze 100, wanda da can TruTrak ne kafin BendixKing ya saye kamfanin a 2019, suna shiga ramin agogo guda su karɓi hanya daga GPS.

Sarbo biyu sun isheka, ɗaya a fiffike yana kula da karkata hagu da dama, ɗaya a baya yana riƙe tsayi. Na ukun na jela ni dai a ganina ba dole bane a jirgi irin naka. Amma ka ɗaura mazauninsu tun kafin ka rufe fiffiken ko da ba ka da kuɗin sayen sarbon yanzu, don daga baya sai ka ga mutum kwance yana cusa hannu ta ɗan ramin dubawa yana neman noti da lalube, kuma sarbon na bayan nan ka sake lissafin daidaiton nauyi da shi.

Kafin tashin farko a gwada a ƙasa: in an ce dama ya juya dama, kuma ka tabbatar hannunka zai iya rinjayarsa, maɓallin kashe shi kuma yana kan sanda. Sarbon da aka saita a juye zai ƙara karkatar da jirgin ne maimakon ya gyara.