Raba Direba Hawa-hawa: Ina Iyakar Kowane Hawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Birnin Kebbi, na rubuta direban Linux (manhajar da ke haɗa Linux da na'ura) na na'urar auna zafi da za mu saka a ɗakin sanyaya kifi a Yauri. Komai yana cikin fayil ɗaya, yana aiki ta I2C, amma sabon allon da muka samu SPI yake amfani da shi (I2C da SPI hanyoyi ne biyu na musayar bayanai tsakanin allo da na'ura). In kwafi fayil ɗin in gyara, ko in raba shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka kwafa, domin duk kuskuren da ka gyara a ɗaya zai ci gaba da zama a ɗayan. Raba shi hawa-hawa.

Hawan ƙasa aikinsa kai bayanai da ɗauko su ta I2C ko SPI kawai, ba ruwansa da ma'anarsu. Hawan tsakiya shi ne ya san rajistocin na'urar (ƙananan ma'ajin bayanai da ke cikinta) da lissafin mayar da ɗanyen adadi zuwa digiri, kuma shi ke miƙa sakamako ga hawan sama, wato sashen IIO na Linux mai kula da na'urorin awo, wanda manhajoji ke karantawa.

Duba direban BMP280, wata na'urar auna matsin iska da zafi, a Linux: akwai bmp280-core.c, da bmp280-i2c.c, da bmp280-spi.c. Abin da ke haɗa su shi ne regmap, wanda ya shigo Linux 3.1 a 2011, ta yadda tsakiyar ke cewa a karanto rajista kaza ba tare da ta san ta wace hanya aka bi ba. A SPI, wannan na'ura tana amfani da ƙwayar (bit) farko ta adireshin rajista wajen bambanta karatu da rubutu, kuma wannan ɗabi'a a fayil ɗin SPI ya kamata ta tsaya; da zarar ta hau tsakiya, rabuwar ta lalace.

Gwajin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: nemi kalmar i2c ko spi a fayil ɗin tsakiya. Idan ka same ta, akwai yoyo.

Sai dai akwai abin da ba a ɓoye wa hawan sama. Karatu ta I2C yana iya sa aiki ya yi jira, don haka ba a yin sa kai tsaye cikin mai karɓar katsewa (interrupt handler), wato sashen da ke amsa kiran gaggawa na na'ura, wanda ba a yarda ya yi jira ba. A nan request_threaded_irq ke da amfani, domin yana mayar da aikin wurin da aka yarda a yi jira. Haka kuma lambar kuskuren da hawan ƙasa ya dawo da ita, ka miƙa ta sama yadda take, kada ka mayar da ita sifili, in ba haka ba waya za ta tsinke, manhaja ta ci gaba da nuna cewa ɗakin yana da sanyi alhali kifi yana lalacewa.