Filin tambaya da amsa: wace sikana ce za ta dace da laftof ɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon buga takardu a Kabuga, Kano, kuma yawancin masu zuwa ɗalibai ne. Da waya nake ɗaukar musu hoton takardu, amma yanzu ina so in sayi sikana in haɗa da laftof ɗina mai Windows 11. Wace iri zan nema?
Mai shago, Kabuga

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka damu da sunan kamfani, fara duba irin takardun da ake kawo maka, domin su ne za su zaɓa maka na'ura.

Sikana galibi iri biyu ce a kasuwa. Akwai mai gilashi, wadda ake ɗaga murfi a kifa takarda ɗaya. Akwai kuma mai zuƙar takarda, wadda ake jera mata takardu ta riƙa ja da kanta. Ta biyun tana da sauri ƙwarai: ScanSnap iX1600, misali, tana ɗaukar takardu 50 a tire, tana cinye 40 a minti guda, gaba da baya. Sai dai abin da ɗalibi ke kawowa shi ne sakamakon WAEC da aka manne da leda, takardar haihuwa da ta sha ninki, hoton fasfo, katin shaida. Irin waɗannan ba a tura su cikin tayoyin robar da ke jan takarda. Mai leda takan maƙale, tsohuwar takarda kuwa ta yage, kuma wanda aka yaga wa takardar shaidarsa ta asali ba zai saurari ban haƙuri ba. Mai gilashi ce taka. Mai zuƙa ta ofishin lauya ce, ko makarantar da ke da tulin fayil.

A cikin masu gilashin, nemi wadda take shan wuta daga laftof ta wayar USB kaɗai, kamar Canon LiDE 300 da LiDE 400 ko Epson V39. A garin nan wannan ba ƙaramin abu ba ne: ko an ɗauke wuta, muddin batirin laftof na da caji, aiki bai tsaya ba. Idon da ke cikinsu, wanda ake kira CIS, bai cin wuta sosai, amma abin da ya manne da gilashi kawai yake gani tar. Idan ka kifa littafi mai kauri, rubutun da ke kusa da ɗinki zai fito dishi-dishi. Mai yawan aikin littattafai sai ya nemi mai idon CCD, wadda ta fi girma da tsada, kuma tana buƙatar soket nata.

Kada lambar 4800 dpi (wato yawan ɗigon hoto a kowane inci) da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Takardar rubutu 300 take buƙata, hoton fasfo 600. Shafin A4 mai launi a kan 300 ya kai wajen megabayit 26 kafin a matse shi, in ka ninka zuwa 600 nauyin ya ninku huɗu. Shafukan rajista na intanet kuwa ƙaramin fayil suke karɓa. Don haka ka saba da 200 zuwa 300, ka ajiye a JPEG ko PDF, ka cire launi in ba a buƙace shi ba.

Abin da ya fi kayar da masu saye shi ne direba, wato manhajar da ke sada sikana da kwamfuta. Tsohuwar sikana tana iya zama garau, fitila na kamawa, amma kamfanin ya daina yi mata direba tun zamanin Windows 7. Rubuta lambar samfurin, shiga shafin kamfanin, ka tabbatar akwai na Windows 11. In ƙwaƙwalwar laftof ɗin (processor) Snapdragon ce, direban da aka yi wa masu Intel ba zai hau ba, sai wanda aka rubuta ARM. Duba ramukan laftof ɗin ma, domin wasu sababbi USB-C kawai gare su.

Ko Beirut Road ka nufa ko Sabon Gari, tafi da laftof ɗinka. A haɗa a gabanka, a ɗauki farar takarda da babu komai a kanta. Duk layin da ya fito daga sama har ƙasa, a goge gilashin a sake. In bai tafi ba, idon ne ya sami matsala, ka bar musu kayansu.

Tambaya: An kawo wa ofishinmu sikana mai zuƙa daga Amurka. Za mu iya jona ta kai tsaye? Kuma wadda muke da ita a da, tun shigowar hunturu take zana layi a kan kowace takarda, wani lokaci ta ja biyu a haɗe.
Wata ma'aikaciya, Nasarawa

Amsa: Hajiya, a dakata da jonawa tukuna. Wutar Amurka 120 ce, tamu 230. Ki juya adaftar ki karanta ƙananan rubutun da ke jikinta. In an rubuta 100-240V, kan soket kawai za ki canja. In 120V kaɗai aka sa, sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba hayaƙi za ki gani.

Layin kuwa ƙura ce. A mai zuƙa, ido a tsaye yake takarda ce ke wucewa ta kan wani siririn gilashi, saboda haka ƙwayar ƙura guda ko ɗigon farin gyaran rubutu sai ya zama layi tun daga kan shafi har ƙarshensa. Ki kashe na'urar, ki buɗe ta, ki ɗan jiƙa ƙyalle mai laushi da ruwan goge gilashi ki share. Kada ki fesa ruwan a kanta kai tsaye, zai iya gangarawa ciki. Jan takarda biyu kuma daga tayoyin roba ne: ƙura ta sa sun yi santsi, ko sun cinye. A goge su da ɗanyen ƙyalle a bari su bushe. In abin bai daina ba, a sauya su, ana sayar da su daban. Kafin a jera takardu a cire fil da kilif, a ɗan kaɗa su da yatsa su rabu. In an tashi aiki a rufe ta da yadi.

Tambaya: Ina da rubuce-rubucen Hausa da aka buga da tafireta, da wasu na ajami da na gada. Sikana za ta mayar mini da su rubutun da zan iya gyarawa a kwamfuta?
Wani malamin makaranta, Gwale

Amsa: Allah ya gafarta Malam, sikana hoto kawai take ɗauka. Manhajar OCR ce ke karanta haruffa, kuma waɗanda ke zuwa tare da sikana galibi ba su san Hausa ba. Za su karanta bokon, amma ƙ, ɗ da ɓ sukan koma k, d da b ko wata alama daban, sai ka bi layi-layi ka gyara. Ajamin hannu kuwa a hoto za ka adana shi. Ɗauke shi a kan mai gilashi, da launi, a 600 dpi, ka ajiye a TIFF ko PNG domin JPEG na rage inganci wajen matsewa. Kada ka danna murfi a kan takardar da ta fara ɓarɓashi, kuma ka ajiye kwafi biyu a wurare daban.