Ku Tambayi Kawu Mai Bidiyo: Rigimar da Fim ɗin Samurai Ya Tayar a Aboabo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi. Daren Asabar da ta wuce mun taru a bes ɗinmu na ataya, mu 11, wani ya kawo fim ɗin Japan mai suna 13 Assassins a filas. Kafin a sauke butar farko mutum 4 sun kama gabansu, wai an ce musu fim ɗin faɗa ne, sai ga tsofaffi a durƙushe suna ta surutu. Da aka fara yaƙin kuwa, ihunmu sai da maƙwabta suka leƙo. Bayan an gama, abokina direban trotro ya ce duk fim ɗin babu namiji kamar Hanbei, mai tsaron mugun basaraken, don shi kaɗai ne bai ci amanar ubangidansa ba. Ni na ce da shi da maigidan nasa duk kanwar ja ce. Har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Kawu, raba mana gardama.
— Tela, Aboabo Namba 2

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Da farko ka gaishe min da mutum huɗun nan da suka tashi, domin na san irinsu tun ba a haife ka ba. Shekarun da na yi ina riƙe da gidan bidiyo a unguwar nan, da benci da janareta da fosta da mai zane ya zana mana a kan buhun fulawa, doka ɗaya 'yan kallo suka kafa min: idan aka yi minti 10 buloman bai naushi kowa ba, sai a fara buga benci ana cewa in canja kaset. Buloman da kila, su ne fim a wurinmu, kamar yadda 'yan'uwanmu na Kano ke cewa akta da bos. Duk abin da ke tsakani kuwa lokacin fita sayen tsire ne.

To amma wannan fim ba a kallonsa haka. Takashi Miike ya yi shi a 2010, maimaici ne na wani tsoho mai suna ɗaya da Eiichi Kudo ya yi a 1963, kuma an ɗora labarin a shekarar 1844. Wannan shekara ita ce mabuɗin surutun tsofaffin da ya kori abokanka. Gidan Tokugawa ya karɓi mulkin Japan a 1603, aka shafe sama da shekara 200 babu wani babban yaƙi. Ka ga ke nan samurai na lokacin mutum ne da ya gaji takobi daga kakansa, yana rataye da shi kullum, amma yawancinsu ba su taɓa sarar ɗan Adam da shi ba. Sun koma ma'aikatan ofis, masu lissafin shinkafa. Shi ya sa ka ga shugaban maharan 13 da suka tashi kashe basaraken, Shinzaemon, yana kamun kifi aka je kiransa. Shi ya sa kuma lokacin da aka nuna masa matar nan da basaraken ya yanke wa hannuwa da ƙafafu da harshe, ta ciji alƙalami ta rubuta abin da aka yi wa danginta, jikinsa ya ɗauki rawa amma bakinsa na murmushi. Na tabbata wani a bes ɗinku ya ce tsohon ya zare. Bai zare ba. Mutum ne da aka rene shi don ya mutu a fagen fama, furfura ta cika masa kai bai samu dalili ba, sai ga dalili ya zo har gida. Wanda ya fita shan iska a daidai wurin nan, minti 45 ɗin yaƙin ƙarshe a wurinsa hayaniya ce kawai da shanu masu wuta a gadon baya.

Yanzu ga gardamarku. (Wanda bai kalla ba ya tsallaka zuwa tambaya ta gaba, zan fasa ƙwai.)

Abokinka bai faɗi shirme ba, kada ka raina masa hankali. Hanbei ya san maigidansa Naritsugu mugu ne, ya fi kowa sani, don a gaban idonsa ake komai. Ba kuɗi yake nema ba, ba kuma matsoraci ba ne. Makarantar takobi ɗaya suka yi da Shinzaemon, kowa ya san ƙarfin ɗan'uwansa. Hujjarsa guda ce: bawa ba ya zaɓar ubangida, nasa biyayya ne har kabari. Mu ma muna da irin wannan magana, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Duk wanda ya tashi a Zongo ya ga yadda ake girmama yaron gida da ya tsufa a ƙofar maigidansa bai taɓa juya masa baya ba, zai fahimci abin da ya taɓa zuciyar direban nan. Ni kaina a kallon farko Hanbei ne ya fi ba ni tausayi.

Sai dai ka tambaye shi abu ɗaya: da aka sare kan Hanbei, me ubangidan nasa ya yi da shi? Ƙafa ya sa ya shure shi kamar ƙwallon yara a filin makaranta. A gaban kowa. Wannan shuri shi ne amsar da fim ɗin ya ba abokinka, ba sai ni na ba shi ba. Mutum ya kwashe rayuwarsa yana kare wanda ko darajar tunkiya bai ɗauke shi da ita ba. Kuma ka lura, Naritsugu shi kaɗai ba ya iya komai. Ƙanin shogun ne, wato mai riƙe da mulkin ƙasar, ana shirin saka shi a majalisar ƙoli, amma ranar da ya rasa mai tsaya masa, rarrafe ya yi a cikin taɓo yana kukan ciwo. Mutum 200 da suka kewaye shi su ne haƙoransa, Hanbei kuwa shi ne babban haƙorin. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Addininmu ma bai bar wurin a buɗe ba: ba a yi wa abin halitta ɗa'a cikin saɓon Mahalicci, kuma taimakon ɗan'uwa idan shi ne azzalumi shi ne a riƙe masa hannu.

Abin da ya sa na daɗe a kan wannan, ba don Japan ba ne. Duk zaɓe sai mun ga samarinmu masu ƙirar ƙarfi a bayan motar wani babban mutum, an ba su riga da ɗan abin sayen mai, suna rantsuwa za su mutu a kansa. Har sai da majalisar ƙasar nan ta yi dokar haramta ƙungiyoyin 'yan daban siyasa a 2019. Na je jana'izar irin waɗannan yara, na kuma duba sahu ban ga babban mutumin ba, sai dai ya aiko da ambulan ɗin kuɗi. Idan yaro ya kalli Hanbei ya ce shi ne gwaninsa, ni tsoro nake ji, domin na san wa zai zo ya yi amfani da wannan zuciyar.

Kai ma kada ka yi saurin tafa wa kanka. Shinzaemon da ka goya wa baya, da taɓo ya watsa wa tsohon abokinsa a ido kafin ya samu sa'arsa, bayan sun sayi ƙauyen Ochiai sukutum sun mayar da shi tarko. Daga cikin su 13, mutum 2 suka fita da rai, ɗayan ma, ɗan ɗan'uwan shugaban, yana tafe cikin gawarwaki yana cewa ya gaji da zama samurai. Hukuma kuma ta rubuta cewa ciwo ne ya kashe basaraken. Ba wanda aka yi wa kirari. Saboda haka gardama dai kai ka ci, amma ranar Asabar kai za ka sayi sukari da na'ana'a, ka kuma fara miƙa wa direba kofi.

TAMBAYA: Kawu, barka da aiki. Maigidana ya kamu da son finafinan nan na masu takobi, yana kallo a falo da yaranmu, babban shekararsa 9. Rannan na shigo na tarar wani ya durƙusa yana farke cikinsa da wuƙa. Na yi magana ya ce tarihi ne, ilimi ne. Da gaske mutane sun yi haka, ko ƙaryar fim ce?
— Maman yara, Asawase

AMSA: Hajiya, da gaske ne. Sunansa seppuku, waɗansu su ce harakiri. Hukunci ne da ake yanke wa samurai maimakon a miƙa shi ga hauni kamar talaka, wani lokaci kuma mutum ya yi don nuna ƙin amincewa da abin da ubangidansa ke yi. Labarin da Japanawa suka fi ji da shi ma a kan haka ya ƙare: mayaƙa 47 da aka tilasta wa ubangidansu Asano ya kashe kansa a 1701, suka yi kusan shekara 2 suna lamɓo, suka je suka sare kan abokin gabarsa Kira, sannan hukuma ta umarce su da su bi sahun maigidansu. Kaburburansu na nan a haikalin Sengakuji a Tokiyo, har yau ana kai musu ziyara.

To, maigida ya yi gaskiya, tarihi ne. Amma yankan rago ma sunna ce, ba a ce a miƙa wa ɗan shekara 9 wuƙa ba. Kashe kai haramun ne a wurinmu ko da wane irin ado aka yi masa, kuma finafinan nan sun iya yi masa ado, da fararen tufafi da natsuwa da kiɗa mai sanyi. Yaro ba zai iya raba adon da aikin ba. Ki gaya wa Alhaji, in ji Kawu, ya bari sai yara sun kwanta. Idan kuma ilimin yake nema da gaske, ya nemo Harakiri na Masaki Kobayashi, na 1962, inda aka tilasta wa wani matashi matalauci ya yi abin da takobin gora saboda ya sayar da na ƙarfen don ciyar da iyali. Bayan wannan ba na jin zai sake kiran abin jarumta.

TAMBAYA: Kawu, ni dai duk Cainis nake ce musu. Mene ne bambancin samurai da ninja? Kuma an taɓa kashe wani babba a Japan irin yadda ake nunawa?
— Ɗalibi, Sabon Zongo

AMSA: Laifinmu ne, mu masu gidajen bidiyo. Duk kaset ɗin da ya zo daga gabas, in ba Indiya ba ne, Cainis muke rubutawa a allo. Har Shogun Assassin na 1980, na mutumin nan mai tura ɗansa a keken jarirai da aka ɓoye wuƙaƙe a jikinsa, na haska shi ya fi a ƙirga da sunan Cainis, alhali haɗi ne na finafinan Japan guda 2 na 1972. Mata 'yan talla ne suka fi son sa, saboda yaron. Kungfu na Caina da Honkon ne, naushi da shuri da tsalle. Na Japan takobi ne, su kansu suna kiran irin finafinan da canbara, daga ƙarar haɗuwar ƙarfe da ƙarfe, kuma sau da yawa tsayuwar ta fi saran tsawo: a yi ta kallon kallo, sara ɗaya, an gama. Samurai ajin mutane ne, ana gadonsa, yana da albashin shinkafa da izinin rataya takubba 2, har sai da gwamnati ta hana yawo da takobi a 1876. Ninja kuwa ɗan leƙen asiri ne mai aikin dare. Baƙaƙen kayan nan da ɓacewa cikin hayaƙi yawanci aikin masu fim ne.

Kwanton ɓaunar 13 Assassins ƙagaggen labari ne, amma ga na gaske. Ranar 24 ga Maris 1860, mutum 18, kusan dukkansu daga yankin Mito, suka tare Ii Naosuke a ƙofar Sakurada ta fadar Edo, garin da ake kira Tokiyo yanzu. Shi ne mafi ƙarfin iko a gwamnatin shogun a lokacin. Ya sa hannu a yarjejeniyar ciniki da Amurka a 1858 ba da yardar sarkin sarakuna ba, ya kuma bi masu adawa da ɗauri da kisa. Ranar ana zubar ƙanƙara, masu tsaronsa sun naɗe takubbansu cikin ƙyalle don kada su jiƙe, kafin su kwance an riga an kai ga akwatin da ake ɗauke da shi a ciki. Gwamnati ta ɗan ɓoye mutuwar tasa, shekara 8 bayan nan kuma mulkin Tokugawa ya rushe. Akwai fim a kan wannan, Samurai Assassin na 1965, Toshiro Mifune ne jarumin. Baƙi da fari ne, kuma surutun tsofaffinsa ya ninka na wancan, don haka idan za ku kalla kada ku gayyato mutum huɗun nan na Aboabo.