Abincin baƙi da ya zama namu a Kano

Malam, ka tambaya wane abincin wasu ƙabilu ya fi karɓuwa a Kano. Ni dai gurasa zan fara ambata. Larabawa fatake ne suka kawo ta, amma yau wa zai ce ba tamu ba ce? Ka je Jakara ka ga yadda ake gasa ta a tanderu, sannan a yi maka bandashe: a yayyafa mata ruwa ta yi laushi, a barbaɗa garin ƙuli, man gyaɗa, albasa da yaji. Wallahi shawarmar 'yan Labanan ba ta kama ƙafarta ba, ga tsada. Alkubus ma daga Larabawan yake. In kuwa sakwara da miyar agushi kake marmari, sai Sabon Gari.