Za mu kai yara Damagaram, Daura da Kano: mu tashi da dare don gudun rana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a nan Maraɗi. Na daɗe ina karantar da ƴaƴan mutane tarihin Damagaram da Daura da Kano, amma nawa guda uku ba su taɓa wuce Cadawa ba. Na ƙudura in an yi hutu in kwashe su da uwarsu da mahaifiyata mu je su gani da ido. Ƙanena ne zai ja mu a motarsa mai kujera bakwai. Abin da ke hana ni barci shi ne Hajiya tana da hawan jini, zafi na wahalar da ita. Ƙanen nawa ya ce mu riƙa tashi bayan isha'i, hanya ba kowa, yara su yi barci, mu wayi gari a can, shi kuma yana da abin da yake sha barci ba ya ɗaukarsa. Hankalina bai kwanta ba. Na kuma ji ana maganar jirgin ƙasa, ko mu jira shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Na yi shekara 26 ina jan motar fasinja tsakanin Yamai, Maraɗi da Damagaram kafin in koma koyar da direbobi, kuma maganar ƙanenka ce ta sa na ɗauko tambayarka na ajiye sauran.

Jirgi dai ka cire shi daga lissafi. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, kimanin kilomita 284, amma aiki ne da ake kan yi. Dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso ma ba ya jigilar fasinja. Mota za ku shiga.

Ga yadda zan tsara ta da iyalina ne. Ku sallaci asuba, ku karya, ku ɗauki hanya da gari ya yi haske. Maraɗi zuwa Damagaram kusan kilomita 240 ne, ta Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa da Takeita. Ku tsaya Tasawa Hajiya ta miƙe ƙafa, kafin azahar kun sauka. Ku yi kwana biyu, don Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ba wurin da ake gani ta tagar mota ba ne. Da hantsi a taka da ƙafa cikin lungunan, yara su shafa zanen da magina suka yi a fuskar gidajen ƙasa, su ga manyan duwatsun da gari ya zauna a tsakaninsu. A ƙofar fada ku gaida dogarai, ku nemi izini kafin ku ɗauki hoto. A nan za ka ba su labarin Sarki Tanimu da ganuwarsa da igoginsa, da yadda aka kashe Bafaranshe Kyaftin Kazamaju a 1898 zamanin Amadu Kuran Daga, Faransawa suka dawo suka ci garin a 1899, ya zama hedikwatar mulkinsu har aka mayar da ita Yamai a 1926. Kai malami ne, ka fi ni sanin sauran.

Daga can ku dawo Takeita, ku yi kudu ta Matamaye da Ɗan Barto, ku tsallaka Kwangwalam ku shiga Daura, yara su leƙa rijiyar Kusugu. Washegari Kano ta Kazaure. A Kano ku ajiye motar a masauki ku hau adaidaita sahu, baƙon direba ba ya jin daɗin cunkoson garin. Dutsen Dala, Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi sun isa cika kwana biyu. Ɗan Maraɗi kuwa bai kamata ya dawo bai ga hasumiyar Gobarau da ke Katsina ba, tunda daga Katsina kakanninmu suka fito bayan jihadi, shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkinmu. Daga Daura kimanin kilomita 80 ne, a je a dawo da rana. Na san komawa ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa ta fi kusa da gida nesa ba kusa ba, amma ƴan bindiga sun sha addabar yankin, ni da tsohuwa da yara a mota zagaye nake yi.

To, yanzu maganar dare. Malam, kusan kullum sai wani ya zo mini da wannan zance: dare ya fi sanyi, injin ba ya zafi, hanya fayau. Wa ya ce hanya fayau take? Hanyar tana cike, ganinta ne ba ka yi. Ranar kasuwar ƙauye amalanken shanu da na jakuna suna komawa gida har bayan isha'i, ba fitila, ba ko ƙyallen da zai haska. Raƙumi yana tsallaka kwalta, launinsa da na dare ɗaya. Kamiyo ya lalace a tsakiyar hanya, yaron mota ya karyo reshen bedi biyu ya jefa a baya, shi ke nan alamarsa. Ga mai babur da fitilarsa ta mutu. Ga babbar mota ta taho ta watsa maka doguwar fitila a ido, ka yi daƙiƙa biyu ko uku kana tuƙi a makance.

Yi lissafin da kanka. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Gajeriyar fitila ba ta nuna maka fiye da kimanin mita 50. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da motar za ta tsaya cak, a wannan gudun, sai ta ci wajen mita 70, in birki da taya suna da kyau ke nan. Ma'ana duk abin da fitilar ta nuna maka, ka riga ka makara. Ƙara da mutum bakwai da kaya a bayan mota, gindinta ya zauna, fitilar ta ɗaga sama tana haska rassan itatuwa.

Sai barci. Jikin ɗan Adam tsakanin ƙarfe 2 na dare da asuba barci yake nema, ko ya yi na rana. Kuma barcin direba ba ya sallama. Ido a buɗe, hannu a kan sitiyari, ƙwaƙwalwa ta ɗauke na daƙiƙa huɗu, mota ta yi mita 100 ba mai ja. Kuma shirin ƙanenka shi ne kowa ya yi barci, wato ba mai yi masa hira, ba mai lura kansa ya fara rinjaya.

Wani dare ina tahowa daga gabas, gab da Gazawa, na iske wata ƙaramar mota ta shige ƙarƙashin kamiyon da ke tsaye da lodin buhuna. Ba alamar birki a kwalta ko taki ɗaya. Da muka haska tocila, ga filas ɗin kunu a gefen hanya bai ko huce ba, ga takalmin yarinya ƙafa ɗaya. Mun fi awa muna neman motar da za ta kai masu sauran numfashi asibiti, don a wannan lokacin wanda ya gan ka kana ɗaga hannu tsoron tsayawa yake. Iyali ne, suna gudun rana. Shekaru sun wuce, har yau in na bi wurin sai na rage gudu.

Abin da ƙanenka yake sha kuwa, ka zaunar da shi ka tambaye shi sunansa. In shayi ne ko kofi ko goro, suna jinkirta barci na ɗan lokaci, ba sa biyan bashinsa. In kuma tramol ne, irin wanda masu tallan magani ke yawo da shi a tasha cikin rana da ƙura, to kada ka sa ƴaƴanka a motar. Maganin ciwo ne mai ƙarfi da likita ke rubutawa, ba maganin hana barci ba. Yana rufe gajiya mutum ya ji kamar zai iya kaiwa Agadas, alhali hannunsa da idonsa sun yi nauyi, kuma in an sha da yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Na ga direban da ta kama shi a kan sitiyari. Raina yana ɓaci in na ji waɗannan masu tallan suna ce wa yara matasa ƙarfin aiki suke sayarwa, mutumin da ko takardar cikin kwalin bai iya karantawa ba. Haka masu cewa a ɗura wa yara maganin mura don su yi shiru a hanya. Kada a yi. Yaro ya yi surutu, ya tambayi sunan kowane gari, ai don haka aka fito da shi.

Zafin da kuke gudu kuwa maganinsa zaɓen lokaci. Ku bar watan Afirilu da Mayu, ku bar tsakiyar damina da ƙorama ke yanke hanya sauro kuma ya yi yawa. Hutun ƙarshen Disamba ya fi, sai dai in hazo ya yi kauri a jira ya washe. Yadda na tsara muku, ba ranar da za ku wuce awa huɗu ko biyar a mota, duk kafin rana ta take. Hajiya ta ga likitanta kafin tafiya a auna ta, maganinta na kwanakin duka ya zauna a jakar hannunta, ba a but ba. Kada ta ƙi shan ruwa don kunyar a tsaya mata, tsofaffinmu suna yin haka. Duk awa biyu a tsaya. Kowa ya ɗaura bel, kada a rungumi yaro a kujerar gaba.

A kai motar gareji mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba. A duba birki da ruwan lagireto, a duba tayoyi har da safaya. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a jere, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayar da ta haura shekara shida a canza ta ko zanenta bai cinye ba. Mai kuma a sha a gidan mai, na kwalba sai dole.

Takardu su ne za su ci maka rai. Katin shaidar manya, takardun haihuwar yara, katin allurar shawara, permi, katin mota, asuransi da takardar duba lafiyar mota. Tun da Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025 ƙa'idojin iyaka suna iya sauyawa, don haka ka je da ƙafarka wajen ƴan sanda da duwan ana saura mako, ka tambayi mai asuransinku ko takardarsa tana aiki a Najeriya. Kada ka miƙa takardunka ga ɗan kamashon da zai tare ka a bakin iyaka yana cewa ya san kowa. Ku isa iyaka da safe, don ko an ɓata muku awa biyu ku shiga Daura da sauran rana.

Ka karanta wa ƙanenka wannan amsa a gaban Hajiya. In ya yarda da tafiyar safe kuma ya bar ƙwayar, ku tafi, kai ka zauna kusa da shi a gaba. In ya ƙi, ka nemi wani direban, ko ku shiga bas ɗin safe zuwa Damagaram ku ɗauki shatar mota daga can.