Tambaya da Amsa: Wane idon kyamara mara zuƙo ya kamata in fara saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi kyamara irin wadda ake kira ful-firem, aikina kuwa ɗaukar hotunan mutane ne da na taruka. Idon da ya zo da ita, wato gilashin da ake ɗaurawa a gabanta, mai zuƙo ne, wanda ke jawo abu kusa ko ya nisanta shi, kuma yana ba ni wahala a wuri mai ƙarancin haske. An shawarce ni in koma ga idanu marasa zuƙo, amma na rasa wanda zan zaɓa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarar da aka ba ka mai kyau ce, domin ido mara zuƙo tsawo ɗaya kawai aka ƙera shi ya yi (tsawo shi ne lambar milimita da ke nuna yawan filin da ido ke ɗauka), shi ya sa ya fi sauƙin a ba shi ƙofar haske mai faɗi da hoto mai kaifi. Ana nuna faɗin ƙofar haske da lambar f, kuma ƙaramar lamba ita ce ƙofa mafi faɗi: idon da ke buɗewa zuwa f/1.4 yana shigar da haske ninki huɗu na wanda ya tsaya a f/2.8.

Sai dai kafin maganar haske, ka fara tantance tsawon da aikinka yake buƙata, domin nan ne masu saye suka fi yin kuskure. Kowane hoto yana ajiye bayanin tsawon da aka ɗauke shi da shi, don haka ka buɗe hotunan da ka fi alfahari da su a kwamfuta ka duba lambar da ta fi yawa a cikinsu. Farantin da ke karɓar haske a kyamararka milimita 36 ne a faɗi da 24 a tsayi, wannan ne ake nufi da ful-firem, kuma a kansa ido mai milimita 50 yana ba da hoto kusa da yadda mutum yake ganin abu. Mai milimita 35 ya fi dacewa da taro da ɗaki mai ƙunci, saboda yana haɗa mutum da abin da ke kewaye da shi. Mai milimita 85 kuwa shi ne na fuska, domin yana sa ka ja da baya, wannan tazarar kuma ita ce ke hana hanci da goshi yin girma fiye da kima. A ganina, mai aiki irin naka ya fara da 35, ya bi shi da 85 idan hali ya yi.

Game da ƙofar haske, ba na son ka ɗauka cewa mafi faɗi shi ne mafi alheri a kowane hali. Ratar da ke tsakanin f/1.8 da f/1.4 ba ta kai ninki biyu na haske ba, amma a nauyi da tsada ratar babba ce. Idon Canon RF mai milimita 50 na f/1.8 giram 160 ne, ɗan'uwansa na f/1.2 kuwa giram 950, kuma wanda ya yini a tsaye da kyamara a wuya ya san abin da wannan yake nufi. Bugu da ƙari, idan ka buɗe ƙofar haske gaba ɗaya a kusa da fuska, ido ɗaya na mutumin zai fito tangaram ɗayan ya dushe, a hoton jama'a kuwa dole ka rage ƙofar zuwa f/4 ko f/5.6.

Ka kula da bakin kyamararka, wato wurin da ake ɗaura ido, ko RF na Canon ne, ko Z na Nikon, ko E na Sony, ko L da Leica da Panasonic da Sigma suke tarayya a kai. Ka kuma guji idanun da aka yi wa ƙaramin faranti, irin masu alamar DX na Nikon ko RF-S na Canon, domin za su ɗauru amma kyamarar za ta yanke gefen hoton. Tsofaffin idanun EF na Canon da F na Nikon suna aiki ta hanyar adafta, wato zoben da ke haɗa tsohon ido da sabon baki.

Kada ka biya kuɗi sai ka gwada, musamman idan na hannu ne. Ka ɗauki hoton bango mai rubutu da ƙofar haske a buɗe gaba ɗaya, ka duba ko kusurwoyi huɗun sun yi kaifi daidai da juna, domin idan ɗaya ta fi sauran dushewa, alama ce ta gilashin ciki ya goce. Ka haska fitila a cikinsa don neman fumfuna, sannan ka ɗauki reshen itace ta fuskar sararin sama ka ga ko launin shunayya ya yi yawa a gefensa, domin wannan ma aibi ne.